Ƙarar Hannun Hagu

Laraba, 1 ga Zulƙida 1419, da hantsi

Bismillahi. 'Yata Hanifa ce ta sayo mini wannan littafi a baƙala, kantin unguwa, wai in riƙa rubuta lokacin shan magani. Ba zan rubuta ba. Cikina ya san lokaci. Abin da na ga dama shi zan rubuta, kuma duk wanda ya ga rubutun a karkace ya sani ni Haladu ban taɓa zama a aji ba. A jikin allon filin wasa na koyi baƙaƙen boko, ina riƙe wa Turawa alli, saura kuma wani akawu ɗan Zariya ya ƙarasa mini.

Abdussamad ya zo da sassafe. Shi ne kafilin yarona, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, sunan yaron yana cikin ma'aikatan shagonsa na dabino. Ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota. Ya ce, “Ya Abu Abdulwahab, takardar fita da dawowa za ta mutu ran ashirin da bakwai ga watan nan. In bai shigo ba kafin ranar, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ta tafi. Kalas. Babu abin da zan iya.”

Su nan haka suke, su kama sunan ɗan fari su liƙa wa mutum a goshi, ko kunya babu. Ni bakina bai taɓa faɗin sunan ba. Yau ne na rubuta shi, don takarda ba baki ba ce.

Na gane maganar. Yaron da aka haifa a ƙasar nan, wanda ya san kowane lungu na unguwar Bani Harisa a nan Madina, zai koma baƙo. In zai ga uwarsa sai ya nemi bizar umara kamar kowa, a ƙidaya masa kwanaki.

Abdussamad ya ce in buga masa waya. Na ce shi ya san hanyar gida. In ɗa ne, ya zo da kansa.

Saura kwana ashirin da shida.

Alhamis, 2 ga wata, bayan la'asar

Kaset ya zo ta akwatin gidan waya na Abdussamad. Tun da yaron ya tafi Amurka haka muke yi, shi ya yi magana a kaset, mu mu mayar a kaset. Matata Uwa ta shimfiɗa tabarma ta ajiye rikoda a tsakiya kamar an kawo baƙo. Ni na juya wa abin baya ina gyaran takalmi, amma kunne ba shi da ƙofa.

Muryarsa ta yi kauri. Hausarsa ta fara tsami, rabi Larabci, wani wajen ya tsaya yana neman kalma.

Bari in rubuta tafiyar yaron nan, don in na ƙyale wa Uwa za ta ce duk laifin Turawa ne. Besbol ake kiran wasan. Ɗaya ya tsaya kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, ɗaya ya jira da kulki ya buga, na uku ya tsuguna a bayan mai kulkin ya cafke wadda ta wuce. Yana ɗan shekara goma sha bakwai yaron ya tafi, mai jifa ne, da hannun dama. Ya yi shekara shida yana jifa a garuruwan da ko Amurkawan ba su san sunansu ba. Sai gwiwar hannun ta tsinke. Suka yanka, suka ɗinke, ba ta dawo ba. Suka sauke shi daga tudu suka kai shi tsaron zangon farko, inda ba a yawan jifa, wai ya ci abinci da kulki. Shekara biyu, kulkin bai ciyar da shi ba, suka sallame shi. Wani mai hankali da ya tattara ya dawo gida. Shi sai ya karɓi manjagara yana share musu fili.

Manjagara. Abin da na ja shekara talatin a kamfanin da ke gabas don kada ɗana ya ja.

To yanzu ga sabuwa. Yana share fili, in masu kulki suna son motsa jiki sai ya riƙa jefa musu a hankali, da ɗaya hannun, tunda na daman ya mutu. Wani tsohon mai horarwa ya gani. Sun kira shi gwaji a wata ƙungiya, a matsayin mai jifa, yana ɗan shekara ashirin da takwas. Za a yanke hukunci ran uku ga Zulhajji. Ya ce ya san ranar takarda, ya ƙidaya, ba su haɗu ba. Wanda ya bar gwaji ko na kwana biyu ne, ya bar shi ke nan.

Sai ya ce, “Baba, hannun nan bai manta ba. Duk shekarun nan yana nan yana jira.”

Na miƙa hannu na danna abin. Uwa ta ce, “Malam, bai gama ba.” Na ce ni na gama.

Juma'a, 3 ga wata, bayan sallah

Alhazai sun fara cika gari. Ban samu shiga cikin Harami ba, a farfajiya na yi.

Lahadi, 5 ga wata, da azahar

Mustashfa, wato asibiti. Sun sake ɗaukar hoto. Likita Mahmudu ɗan Katsina ne, yana da ladabi, sai dai ladabin nasa ya yi yawa yau. “Baba, sannu. Baba, a hankali. Baba, kana iya hawa?” Na ce ɗana, na tako daga Damagaram zuwa bakin teku da ƙafa ina ɗan shekara tara, gadonka ne zai gagare ni?

Ya ja Hanifa waje suka yi Turanci. Sun manta shekara talatin na yi cikin Turawa. Ban ji duka ba. Na ji abin da ya ishe ni.

A mota ta yi ta kallon taga. Na ce ta tsaya ta sayo mini rake in akwai. Babu rake a garin nan, na sani. So nake ta yi magana.

Talata, 7 ga wata, da walaha

Uwa tana suyar waina ta alhazai, ni ina zaune a bakin kicin, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, “Kalma ɗaya ce. A gaya masa abin da likita ya ce, jibi yana nan.”

Na ce duk wadda ta gaya masa, ban yafe ba.

“To kai kira shi. Ka ce ka yi marmarinsa.”

“Ni? In roƙi abin da na haifa?”

“Taurin kanka ko jakin Damagaram albarka.”

“Ke kuma kin ƙona ta gefen can.”

Ta kwashe wainar ta dangwara mini biyu a faranti. Rabin ɗaya na ci. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ba ta san wasan nan ba, shi ya sa. Ni na san shi ta ƙasa. Da ban-ruwa na fara a filin kamfani, in ja manjagara, in zuba farar ƙasa a layi. Wata rana mai tsugunnonsu bai zo ba, wani Bature da muke ce wa Dogo ya jefo mini safar fata da ƙarfen fuska ya ce in tsuguna. Tsugunnon da na yi ke nan shekara goma sha ɗaya. In sun zo motsa hannu da yamma, Haladu. In ranar wasa ce, ga mata ga yara ga lemo, sai a karɓi safar a ba wani, Haladu ya koma riƙe alli. Yatsuna uku na hagu har yau ba sa miƙewa. Ban taɓa ganin sunana a allon da na koyi rubutu a jikinsa ba.

Na ce ɗana a kan tudu zai tsaya. Kuma ya tsaya. Ni na koya masa riƙon ƙwallo, ni na tsuguna masa kowace yamma tun yana ɗan shekara shida. Wa ya tuna da wannan? Sai dai a aiko mini kaset ana cewa hannu yana jira.

In ɗa ne, ya zo da kansa.

Alhamis, 9 ga wata, da safe

Na ƙara huda a bel. Na uku ke nan tun bayan azumi. Fatar bel ɗin ce take saki, kayan yanzu ba su da kyau.

Asabar, 11 ga wata, bayan la'asar

Na ce da su zan je masallacin Ƙiblatain in ga mutane. Akwai wani fili a bayan inda motocin alhazai ke tsayawa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu kowa. Ban yi niyyar komai ba. Ƙafata ce ta fara aunawa. Daga tudu zuwa wurin mai tsugunno taku ashirin da ɗaya ne nawa, tun ina saurayi. Yau ashirin da shida na yi, na san ba filin ne ya ƙaru ba.

Na ajiye takalmi ɗaya a can, na dawo nan na tsuguna. Na ɗaga hannun hagu. Na sa yatsa ɗaya tsakanin cinyoyi, alamar a jefo miƙaƙƙiya. Wallahi na gan shi. Ba babban ba, ƙaramin, da gajeren wando da ƙura a gwiwa, yana cije leɓe.

Da na zo tashi gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na yi, na yi. Wasu alhazan Indunusiya mata da miji suka hango ni, suka ɗauka ko wata ziyara ce ake yi a wurin, mijin har ya fara gyara zama zai tsuguna kusa da ni. Da ya gane sai suka kama ni ta hammata suka ɗaga kamar buhu. Matar ta je ta ɗauko mini takalmin, tana ta duba inda ya zauna ko akwai wani abu.

Na yi dariya har na zo gida. A ƙofa ta tsaya.

Litinin, 13 ga wata, da hantsi

Saura sha huɗu. Waya ba ta yi ƙara ba. Ban jira ta ba.

Laraba, 15 ga wata, da yamma

Zan rubuta abin da ya faru a watan Jimada, tunda kowa a gidan nan yana kallona kamar ni na kore shi.

Ya zo zai yi wata uku yadda ya saba. Kwana tara ya yi. Ran na takwas ya shiga ɗakin kaya ya tono tsohuwar safata, wadda Dogo ya bar mini, ya shafa mata mai, ya fito tsakar gida da ƙwallo. Ya ce, “Baba, tsuguna mini. Goma kawai.”

Na ga hannun da ya riƙe ƙwallon da shi. Na ce gwiwata tana ciwo.

Ya ce to in zauna a kan kujera, ba sai na tsuguna ba. Na ce a gidana ba a miƙo mini abu da wannan hannun, balle a jefo.

Ya sauke hannun. Sai ya faɗi wata magana da ɗa ba ya gaya wa uba. Da Larabci ya faɗa, don ya san da Hausa ba za ta fito ba. Ba zan rubuta ta ba. Akwai shekara huɗu a cikinta, akwai ɗankwalin uwarsa.

Washegari ya tafi. Ya sumbaci kan Uwa. Ya tsaya a gabana, na ci gaba da jan carbi. Safar tana nan inda ya ajiye ta a kan taga, na hana a taɓa, ba don komai ba, don wanda ya ɗauko abu shi ke mayarwa.

Juma'a, 17 ga wata, bayan sallah

Hanifa ta zo ta durƙusa a gabana tun ban cire hula ba. Da na ga durƙuson na san an yi ɓarna, yaran garin nan ba sa durƙuso sai da dalili.

“Abuya, samihni. Na kira shi.”

Na ce da Hausa za ki gaya mini, don in ji daidai.

“Na gaya masa. Duka. Ya yi kuka. Ya sayi tikiti, ran ashirin da biyar yana Jidda.”

Na ɗaga murya. Na ce na hana. Na ce an raina ni a gidana, an mai da ni gawa tun ina tafiya. Uwa ta leƙo ta ce, “Ka gama? To ka yi a hankali, maƙwabta za su ga haƙoranka.” Ashe bakina a buɗe yake da murmushi.

Ban yafe ba tukuna. Na ce ta tashi, ƙasa da sanyi.

Asabar, 18 ga wata, da safe

Na sa an fitar da katifarsa rana. Na je wurin mai nama a Azizya na ce ya ajiye mini haƙarƙari na ran Asabar mai zuwa. Ya ce biki ne? Na ce baƙo ne kawai. Na wuce wurin wanzami.

Yau na cinye waina biyu.

Da zai fi daɗi in da kansa ya zo. Amma zuwa zuwa ne.

Litinin, 20 ga wata, da azahar

Uwa tana share ɗakinsa ta kunna kaset ɗin nan don ta ji muryarsa. Na ji ta tana tsaki. Ta ce, “Bayan kaset ɗin ya lalace. Ya yi magana kaɗan sai wani bugu kawai, kamar ana kakkaɓe katifa.”

Na ce kawo.

Na rufe ƙofa. Na juya kaset. Ya ce, “Baba, ba zan ce komai ba. Na ajiye rikoda a bayan mai tsugunno. Jifa talatin ne. Kai ka san aikin.”

Wanda bai tsuguna ba ba zai gane ba. Mai tsugunno da kunne yake gani. Na san ƙarar hannun daman yaron nan kamar na san tarin Uwa: tas, tas, mai tsabta, mai biyayya, ƙwallon da aka koya wa hanya. Shekara goma sha ɗaya ina karɓarta.

Wannan ba ita ba ce. Kafin ta iso akwai wani huci, shuu, sannan ta faɗa cikin safa da nauyi, ƙwal, kamar an sari icce ɗanye. Ta huɗu ba ta shiga tsakiyar safa ba, gefen yatsa ta ci, na ji mai tsugunnon ya yi ashar da Turanci. Ta tara ta kufce masa ta bugi waya. Ta sha shida ma. Ba don yaron ya jefa ba daidai ba. In jifa ya karkace tun daga hannu, mai tsugunno yana gani, ana jin jan ƙafarsa. Nan babu jan ƙafa. Tana zuwa miƙe ne sai ta kusa, sannan ta zame. Irin wannan ba a koyar da ita. Mutum biyu na taɓa karɓa wa irinta duk zamana a gabas.

Ta ashirin da uku. Bayan ta faɗa safa sai aka yi shiru, sai wani daga nesa ya yi fito.

Na mayar baya na sake ji. Uwa ta buga ƙofa wai abinci.

Talata, 21 ga wata, da hantsi

Sau bakwai na ji shi. Batir ya mutu, na aiki Hanifa.

Laraba, 22 ga wata, bayan la'asar

Yana ɗan shekara biyar Dogo ya gan shi yana jifan gwangwani a bayan fili. Ya kira ni ya ce, “Haladu, wannan hannun zinariya ne. A ƙasarmu neman irinsu ake da fitila. Kada ka taɓa shi.”

Na ce to. A raina na ce, kafiri ya san zinariya, bai san tarbiyya ba. Ɗana ba zai tashi bahago ba, a riƙa nuna shi a bakin akushi, ya miƙa wa malami allo da hannun tsarki. Ubana da ya ga ina ɗaukar tsinke da hagu sai da ya fasa mini yatsa da muciya, kuma ban mutu ba.

Cin abinci daban, jifa daban. Yau na san haka. Ran nan ban raba su ba.

Shekara huɗu ana ɗaure masa hannun hagu da ɗankwalin uwarsa, ba ya kuka in ana ɗaurewa. Shi ne abin. Sai ya juyo da kansa ya miƙo.

Tikitinsa na jibi ne da yamma, lokacinsu.

Alhamis, 23 ga wata, bayan magariba

Ban yi a gida ba, kunnuwa sun yi yawa. Na karɓi lambar a wurin Hanifa na ce zan ba Abdussamad. Bayan la'asar na tafi kabina, inda ake buga waya ƙasar waje. Layi har titi, duk alhazai, kowa yana ihu wa gida cewa ya iso lafiya. Na yi sa'a guda a tsaye. Can safiya ce, Hanifa ta ce kafin ya fita fili.

Wani ya ɗauka, na ce masa da Turancina a kira mini shi. Na ji gudu.

“Hanifa? Me ya faru?”

“Ba Hanifa ba ce.”

Sai ya rage murya.

“Baba?”

“Wa ya ce ka zo?”

“Baba, na ji komai. Gobe zan taso, in sha Allahu.”

“Ka ji komai a wurin wa? Hanifa likita ce? Gyambon ciki ne, kowane tsoho yana da shi. Jiya waina huɗu na ci.”

“Rantse.”

“Ba a rantsar da uba. Amurka ce ta koya maka?”

Ya fara wata magana da Larabci. Na katse shi, don in na bar shi ya gama ni ma ba zan gama ba. Na ce, “Mai tsugunnon nan naka rago ne.”

“Na'am?”

“Huɗu ya zubar cikin talatin. Yana kai wa ƙwallo hannu. Ka ce masa ya daina tarar ta, ya matsa rabin taku wajen hannun damansa ya jira, za ta same shi. In ya ci gaba da zubarwa a gaban masu hukunci, kai za su ɗora wa laifi.”

Na ji numfashinsa kawai. Na ɗauka layin ya yanke, na buga kan wayar a tafin hannu.

“Ka ji bayan kaset ɗin.”

“Na ji.”

“Yaya?”

“Ta sha ɗaya da ta sha biyu ka yi gaggawa, ka saki da wuri. Kana jin haushi ne?”

“Ina tunaninka ne.”

“To daina. Ta ashirin da uku, me ka yi mata?”

Ya yi wata dariya mai haɗe da majina. Ya ce, “Ban yi mata komai ba, Baba. Sakinta kawai na yi.”

Na ce to haka za ka yi ran uku ga wata.

Ya ce takarda fa? Na ce takarda takarda ce, Madina ba ta tashi daga inda take. Ya ce in ya zauna wani abu ya faru, ba zai yafe wa kansa ba har ya mutu. Na ce, “Saurara. Sau ɗaya na hana hannun nan, da ikona na uba. Yau da ikon nan nake cewa ka zauna. In na gan ka a ƙofata ran Asabar, ba zan buɗe ba. Ka san ni.”

Ya ce, “Na san ka.”

Wani alhaji yana ta ƙwanƙwasa gilashi. Akwai sauran magana, na yi ta turo ta. Abin da ya fito shi ne, “Ka riƙa sa wa hannun riga mai dogon hannu in akwai sanyi.”

Ya ce to, Baba.

Na ajiye. Na zauna a kan dakalin kabina har aka kira magariba.

Juma'a, 24 ga wata, da safe

Na gaya musu. Hanifa ta shige ɗaki. Uwa ta dube ni ta ce, “Shekara arba'in ina roƙon Allah Ya sassauta maka kai. Ashe ranar da za ka yi abin kirki ma da taurin kan za ka yi shi.” Ta fita ta shigo da katifar.

Ba ta yi mini magana ba tun lokacin.

Asabar, 25 ga wata, da azahar

Mai nama ya aiko da haƙarƙarin. Na manta ban hana shi ba.

Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na ji ta. Na ce ba zan buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba. Kujerar ce kawai na matsar kusa da ƙofa, nan ne iska take.

Litinin, 27 ga wata, bayan la'asar

Ya ji magana, bai zo ba.

Talata, 28 ga wata, da hantsi

Abdussamad ya zo, yau ya zauna. Ya ce zai je ya cire sunan daga cikin ma'aikatansa. Na ce Allah Ya saka da alheri, ya riƙe amana shekara da shekaru.

Na tambaye shi yaushe ake buɗe umara bayan aikin hajji. Ya ce wajen watan Safar. Uwa tana bayan labule, maganarta ta farko ke nan tun Juma'a: “Wata biyu ke nan.” Na ce in sun ƙi shi, wata biyu. In sun ɗauke shi, wasa ba ya ƙarewa sai Jimada ta biyu. Ta ƙidaya da yatsu. Bakwai. Abdussamad ya dubi ƙasa. Likita Mahmudu bai ce mini komai a kan wata bakwai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Na sa Abdussamad ya sauke ni a Harami. Cunkoso ya yi yawa, amma wani askari mai gadi ya ga tsufana ya buɗa mini hanya har cikin Rauda. Na samu wurin raka'a biyu. Na daɗe a sujada, har aka taɓa kafaɗata.

Da na dawo Uwa ta ce, “Wanne ka roƙa, biyu ko bakwai?” Na ce ta zuba mini kunu, rabin kofi.

Bakwai na roƙa.